Batirin mota ya sauka: a jona a wuce, a caja shi a jikin mota, ko a ciro shi gaba ɗaya?

Duk mai mota akwai ranar da zai murɗa makulli yaji ƙas-ƙas-ƙas kawai, fitilun dashbod su dishe kamar zasu mutu, inji ko motsi babu. Daga nan sai shawara ta rabu, wani yace a nemo mota a jona, wani yace a tura, wani yace a kwance batirin a kai shi caji, wani kuma yace ai ba sai an kwance ba a kawo caja a maƙala masa a inda yake. Abin da nake so mutum ya fara riƙewa shi ne waɗannan hanyoyin ba aiki ɗaya suke yi ba. Jone da turi inji kawai suke tayarwa. Caja ce take mayar wa batir da wutar da ya rasa. To idan batirinka sauka yayi ta gaske, ni a ganina ko ka jona ka tashi saboda sauri, caji a hankali yana nan yana jiranka, kuma gara kayi shi cikin kwana ɗaya ko biyu, kar ka bari sai wani satin.

Kafin ka zaɓi komai ka fara sanin iya inda ya sauka, kuma wannan ƙaramar mitar gwada wuta ce zata gaya maka, ba sai ka tsaya canki-canka ba. Batirin da muke kira 12V ɗakuna 6 ne a cikinsa, kowanne yana bada kusan 2.1V, shi yasa cikakken batir da ya huta zaka ga yana nuna 12.6V ko 12.7V. In kaga 12.4V ya ɗan ragu, kusan kashi 75 cikin 100 ne ya rage. 12.2V rabi kenan. 12.0V kuwa saura kamar kwata, ƙasa da haka kuma batir ya kwanta. Mutane da yawa suna ganin 12.0V a mita sai suce ai lafiyarsa ƙalau tunda sha biyu aka rubuta a jikinsa, alhali a wannan lambar ya kusa ƙarewa. Sannan akwai lamba ɗaya da nake so ka lura da ita sosai, wato wajen 10.5V, musamman in an yi caji kuma ya koma can ya tsaya, yawanci hakan na nufin ɗaki ɗaya daga cikin shidan ya mutu, kuma wannan babu cajar da zata gyara shi.

Yanzu bari mu ɗauki jone, tunda shi ne kowa ya fi gudu wajensa. Amfaninsa a fili yake, cikin minti goma ka tashi ka kama gabanka. Inda matsalar take shi ne tunanin cewa da zarar inji ya tashi altaneta, wato na'urar da take cajin batir in inji na aiki, zata ƙarasa sauran. Yi lissafin da kanka ka gani. Tayar da inji sau ɗaya yana jan wuta mai yawa, zai iya kai amfiya 150 zuwa 200 (150A zuwa 200A) ko fiye a ƙaramar mota, amma na daƙiƙa biyu ko uku ne, in ka haɗa duka bai kai rabin 1Ah ba (Ah ma'aunin wutar da batir ke riƙewa ne, 1Ah shi ne jan 1A na awa ɗaya), kaga wannan altaneta zata mayar da shi cikin 'yan mintuna, kuma dama aikin da aka yi ta dominsa kenan, ta mayar da ɗan abin da aka ciro ta kuma riƙe fitila da AC da rediyo. Amma ace ka manta manyan fitilu a kunne, ƙwai biyu masu 55W kowanne, su biyun a haɗe suna shan kusan 9A, ka haɗa da ƙananan fitilun gefe da na baya, cikin awa 5 ko 6 sun kwashe batir mai 60Ah tas. Yanzu ba rabin 1Ah ake nema ba, 45Ah ko fiye ake nema. Tafiyar minti talatin cikin gari, ana tsayawa ana tashi, AC a kunne, ba zata cike wannan ramin ba, barin mota tana silo a tsaye kuwa ya ma fi rashin amfani don a silo altaneta ba ta bada cikakken ƙarfinta. Abin da zai faru shi ne batir zai samu ɗan abin da zai tayar da kai gobe da jibi, kai kana ganin ya warke, shi kuwa yana zaune a rabi. Kamar mara lafiya ne da aka kama hannunsa ya miƙe tsaye, miƙewar ba ita ce warkewa ba.

Kuma zama a rabi ɗin nan shi ne yake kashe batir a hankali. Irin wannan batirin na dalma da asid tun 1859 wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro shi, an gyara abubuwa da yawa tun lokacin amma halinsa guda bai canja ba, ba ya son ya daɗe a sauke. Idan wuta na fita daga cikinsa wani farin gishiri yana taruwa a jikin farantan dalmar, in aka yi caji da wuri sai ya narke ya koma cikin ruwan, in kuma aka bar shi kwanaki da makonni sai ya daskare yayi tauri ya toshe farantan, daga nan ko an caja batirin ba zai ƙara ɗaukar wuta kamar da ba. Batirin tayar da mota ma ba a yi shi don a dinga sauke shi har ƙasa ba, kowace irin wannan saukar tana rage masa kwana. Ga ita ma altanetar, in ka ɗora mata mataccen batir tana aiki da iya ƙarfinta na dogon lokaci tana zafi, ba lallai ta lalace a ranar ba amma ba gata kayi mata ba.

In dai jonen ya zama dole, to ayi shi daidai. Batiran biyu su zama duka 12V, kar a kuskura a jona daga babbar mota mai 24V. Jar waya a kan fulos (+) na mataccen batir, ɗaya bakin a kan fulos na mai rai, baƙar waya a kan mainos (−) na mai rai, bakin ƙarshe kuma a maƙala shi a jikin ƙarfen inji na motar da ta mutu, nesa da batir, saboda wannan na ƙarshen shi ne yake yin tartsatsi kuma ba a son tartsatsi a saman batir. A bar motar mai rai tana aiki na wasu mintuna kafin a gwada. Wajen cirewa a bi ta baya, wanda aka sa a ƙarshe shi za a fara cirewa. Ƙaramin akwatin jone ɗin nan da ake cajinsa a ajiye a mota shi ma aikinsa ɗaya da wannan, ya fi sauƙi don ba sai ka roƙi kowa ba kuma yawancinsu suna ƙin bada wuta in ka juya wayoyin, amma fa shi ma tayarwa yake yi, ba caja bane.

Turi kuwa ba zan daɗe a kansa ba. Mota mai kuloci kawai yake yi wa, a giya ta biyu, mai atomatik kar ma a fara. Kuma motocin yanzu famfon mai da ƙwaƙwalwar mota sai da wuta suke aiki, in batir ya mutu murus za a yi ta turi a banza.

Akwai wani abu da ake yi wanda dan Allah nake roƙo a daina, wato a ɗauko batirin wata mota a sa a tayar, sannan inji yana aiki a cire shi a mayar da mataccen. Haka ma masu cire kan batir inji na aiki wai don su gwada ko altaneta tana caji. Batir shi ne yake danne hawa da saukar wutar da altaneta ke fitarwa, da zarar ka zare shi tana cikin aiki wutar zata iya tsalle sama nan take, kuma abin da ke gabanta shi ne ƙwaƙwalwar mota da sauran na'urori masu tsada da wuyar samu. A tsofaffin motoci da ba su da kwamfuta ana tsira, a na yanzu kuwa kasada ce da babu dalilin yinta, tunda mita zata baka amsar cikin daƙiƙa biyar, inji na aiki ka ɗora ta a kan batir, in kaga tsakanin 13.8V da 14.5V ko kusa da haka altaneta tana caji, in kaga 12 da ɗan wani abu ba ta yi. Wasu sababbin motoci suna rage caji da gangan in batir ya cika, to a irinsu ka kunna manyan fitilu ka sake dubawa kafin ka yanke mata hukunci.

To mun yarda caji ne magani, saura tambayar da tafi muhimmanci, a ciro shi ko a bar shi a jikin mota. Anan gaskiya ba amsa ɗaya bace ga kowa, abu uku ne suke yanke hukunci, irin cajar da kake da ita, irin motarka, da kuma inda motar take tsaye.

In cajarka irin ta zamani ce mai ƙwaƙwalwa, wadda take auna batir da kanta, ta rage wuta in ya kusa cika, ta tsaya a wajen 14.4V sannan ta sauko ta riƙe shi a 13 da wani abu, kuma motar tana inda wayar wuta zata kai, a wuri mai iska wanda ruwan sama ba zai taɓa cajar ba, to ni ban ga dalilin wahalar da kai da cirewa ba. Ka kashe komai, ka zare makulli, ka ɗaga bonet ka maƙala ka barta. Ribar wannan ba ƙarama bace a motocin yanzu, don da zarar ka yanke wa mota wuta gaba ɗaya agogo zai goge, tashoshin rediyo su tafi, wasu rediyon ma sai sun nemi lambar sirri kafin su sake magana kuma in motar ta hannu ce ka saya wataƙila ba a baka lambar ba, gilasan ƙofa masu hawa da kansu sai an sake saita su, silon inji zai iya ɗan rikicewa na wani lokaci kafin ƙwaƙwalwar ta sake koyo. Sannan ba kowace mota ce batirinta yake a gaba a fili ba, wasu yana cikin but, kamar BMW da yawa, wasu a ƙarƙashin kujera, irin waɗannan kamfani yakan sa wajen maƙala waya a ƙarƙashin bonet don kar ka sha wahalar tono shi. Wani abin lura kuma, motoci da yawa na yanzu, musamman masu kashe inji da kansu in an tsaya, akwai ƙaramar na'ura a manne da kan mainos wadda take ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, in zaka yi caji a jikin irin wannan motar baƙin bakin cajar a jikin ƙarfen mota zaka sa shi ba a kan mainos ɗin kai tsaye ba, don wutar ta bi ta cikin na'urar ta san an yi caji. Littafin motarka zai nuna maka wajen.

Amma akwai lokutan da cirewa ita ce daidai, ba ma zaɓi bane. Na farko in cajar tsohuwar irin nan ce mai nauyi, mai allura a fuska, wadda ba ta san tsayawa ba, ko babbar cajar gareji mai maɓallin cajin sauri (boost). Irin waɗannan wutarsu tana iya haura 15V har 16V in batir ya cika ba a lura ba, to wannan ba a haɗa ta da batirin da yake jone da mota, ko dai ka ciro shi ko aƙalla ka cire kan mainos. Haka ita ma cajar zamani in zaka sa ta a yanayin farfaɗo da batir, don shi ma yana ɗaga wuta sama da yadda aka saba. Na biyu in motar ta mutu a inda babu wuta kusa, kaga dole batirin ne zai je wajen caja. Na uku in batirin irin mai murafu ne da ake duba ruwansa, ko kaga kansa ya cika da farin gari mai kore-kore, ko mazauninsa ya jiƙe, to ciro shi ya baka dama ka ganshi ta kowane gefe, ka wanke, ka duba ko ya tsage ko ya kumbura, abin da ba zaka taɓa gani ba yana matse a cikin rami. Na huɗu in motar zata daɗe a ajiye, wata ɗaya ko fiye. Ko a kashe mota take tana shan 'yar wuta don agogo da ƙararrawa da rimot, in ma 50mA ne kawai, wato 0.05A, a rana 1.2Ah kenan, a wata 36Ah, fiye da rabin batir mai 60Ah ya tafi ba tare da ka taɓa makulli ba.

Cirewar kanta ba wuya, tsari kawai take so. Kashe mota, zare makulli ka sa a aljihu, kar ka barshi a ciki don wasu motocin suna kulle ƙofa da kansu in wuta ta ɗauke ta dawo. Cire zobe da agogon ƙarfe daga hannunka, wannan ba wasa bane, batir zai iya tura ɗaruruwan amfiya ta cikin zobe ya maida shi ja cikin ƙiftawar ido. Sa safar hannu da tabarau in kana da su. Ka duba alamar + da − a jikin batirin da idonka, kar ka dogara da kalar waya kaɗai don akwai motar da an taɓa canja mata waya, kuma in ka lura kan fulos ya ɗan fi na mainos kauri. Mainos zaka fara kwancewa, kullum. Dalili kuwa shi ne duk jikin motar a haɗe yake da mainos, in ka fara da fulos sufanarka ta goga jikin ƙarfe ko kaɗan ka haɗa wuta kai tsaye, amma in kana kan mainos sufana ta taɓa jikin mota babu abin da zai faru, kuma da zarar mainos ya fita fulos ɗin ya zama lafiya. Yawanci sufana lamba 10 ce. Ba sai ka zare notin duka ba, sassauta shi zagaye biyu ko uku, ka kama kan ka murɗa shi hagu da dama kana ja sama a hankali zaka ji ya saki. In ya kafe saboda garin nan, kar ka buga shi da guduma kuma kar ka sa sukundireba ka banƙare da ƙarfi, dalma ce mai laushi, sandar zata iya girgiɗewa daga ciki ta fara yoyo. Ɗan buɗa bakin maƙalin kawai ya isa. In ya fita ka lanƙwasa wayar gefe ka naɗe ta da tsumma yadda ba zata dawo ta taɓa ba, sannan fulos, sannan ƙarfen da ya danne batirin, in akwai siririn tiyo na fitar da iska a gefe ka zare shi. Ɗauke shi a miƙe, kar ka karkata shi kuma kar ka rungume shi a jikin riga, nauyinsa yakan kai kilo 12 zuwa 20 ko fiye, ruwan cikinsa kuma asid ne mai cin kaya da fata. Farin garin nan bekin soda da ɗan ruwa yana wanke shi, zaka ga yana kumfa, sai dai kar ka bari ya shiga cikin ɗakunan batirin.

Wajen caji kuma a samu inda iska ke wucewa, ba ɗakin kwana ba, ba kusa da murhu ko janareta ko mai shan sigari ba, saboda batir in yana caji, musamman daf da cika, yana fitar da iskar haidurojin, ita kuwa in ta kai kashi 4 cikin 100 a iskar wuri tartsatsi ɗaya ya isheta. Shi yasa ake maƙala bakunan caja a batir tukuna, ja a fulos baƙi a mainos, sannan a kunna ta a bango, in an gama kuma a fara kashewa a bango kafin a cire bakunan. Maganar cewa ajiye batir a kan siminti yana shanye masa wuta, wannan ta zamanin tsofaffin kwanson batir ce, na yanzu roba ne babu ruwansa da siminti. In mai murafu ne ka buɗe ka leƙa, in farantan sun fito fili ka zuba ruwan distil, wato tataccen ruwan batir, iya yadda zai rufe su kawai, sai bayan caji ka ƙarasa zuwa layi don ruwan yana ɗagowa in ya ɗau caji. Ruwan distil kaɗai, ba na famfo ba, kuma ba a ƙara asid, ruwa ne yake ƙafewa asid ɗin yana nan. In kuma AGM ne, wato wanda asid ɗinsa yake jiƙe a cikin audugar gilashi, ko wani rufaffe, ba a buɗe shi sam, kuma caja mai saitin AGM yake so, tsohuwar caja mara tsayawa zata busar da shi kuma babu hanyar mayar masa da ruwa. A wuraren sanyi mai tsanani batirin da ya sauka yana iya daskarewa, irin wannan ba a cajinsa ba a jona shi sai ya narke.

Sai maganar sauri da hankali, inda nan ma ake yawan cutar batir. Ƙa'idar da aka saba ita ce kashi ɗaya cikin goma na girman batirin, mai 60Ah a bashi kamar 6A, mai 45Ah kamar 4A ko 5A. In 45Ah ake nema a 6A lissafi zai baka awa 7 da rabi, amma ba duk wutar ce take zama ba kuma ƙarshen cajin a hankali yake shiga, don haka ka sa ran awa 10 zuwa 12, wato ka bashi dare guda. Ƙaramar caja mai 2A zata yi, sai dai zata iya cin kwana guda ko fiye. Cajin sauri na 30A ko 40A na awa ɗaya zai tayar maka da mota, amma batirin zai yi zafi ya tafasa ya zubar da ruwa kuma cikinsa bai cika ba, don haka in ka kai wa mai caji batir yace ka dawo bayan awa ɗaya, ka sani cajin tayarwa aka yi maka, in kana da hali kace a sa shi a ƙaramar wuta ya kwana. Lokaci zuwa lokaci ka ɗora hannu a gefensa, ɗumi ba komai, amma in yayi zafin da hannu ba ya jurewa ko kaji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kashe nan take. Matsala ɗaya da cajar zamani take da ita, in batir ya sauka ƙasa sosai wasunsu ba sa ganinsa sai su ƙi farawa, anan tsohuwar caja tana da rana, a ɗan ɗaga shi da ita na ɗan lokaci ana tsaye a kai sannan a mayar wa ta zamanin ta ƙarasa.

In caji ya ƙare kar ka gwada nan take, zai nuna maka 13V da wani abu ka ɗauka ya cika alhali wutar sama-sama ce. Barshi ya huta wasu awanni, in ya kwana ma ya fi. In ya tsaya a 12.6V ko kusa, madalla. In da safe ka tarar ya zazzago 12.2V shi kaɗai ba a jone da komai ba, ko ya koma 10 da rabi ɗin nan, ko gefensa ya kumbura, ko yana yoyo, to kar ka ƙara ɓata lokaci, sabo zaka nema. Gwaji na biyu shi ne lokacin tayarwa, mita tana kai wani ya murɗa makulli, lafiyayyen batir bai kamata ya faɗi ƙasa da wajen 9.6V ba. Batirin mota yawanci shekara 3 zuwa 5 yake yi, a wuri mai zafi kuma ya fi saurin tsufa, to wanda ya kai wannan shekarun kuma ya fara sauka ba tare da an manta fitila ba, caji jinkiri ne kawai zai saya maka. Amma sabon batir ɗan shekara ɗaya da aka manta wa fitila, asara ce a yar da shi, caji ɗaya mai kyau zai dawo da shi. In zaka canja, motar da tazo da AGM ko EFB, wato ingantaccen batir mai ruwa na motoci masu kashe inji da kansu, a mayar mata da irinsa, wasu motocin kuma kamar BMW da wasu Volkswagen sai an sanar da ƙwaƙwalwarsu da na'ura cewa an sa sabo. Tsohon a miƙa shi ga masu karɓar tsofaffin batir, dalma guba ce, ba a jefa shi a shara.

Mayarwa kuma akasin cirewa ce, a zaunar da shi a ɗaure ƙarfen dannewa sosai don girgiza tana kashe batir, a goge kawunan su yi haske, fulos farko, mainos a ƙarshe, a ɗaure har sai ka kama kan da hannu ka kasa juya shi, sannan a shafa ɗan giris a sama. Ka tabbata fulos yana gefen da wayar fulos take kafin ka haɗa komai, juya su ko na daƙiƙa ɗaya zai iya ƙona fiyus da altaneta. Bayan ka tayar ka sake ɗora mita ka ga ko caji na shiga, in kuma altaneta lafiya, batir lafiya, amma bayan kwana biyu ko uku a tsaye ya sake sauka, to akwai abin da yake shan wuta a ɓoye, fitilar but ko ta akwatin gaba da ba ta mutuwa, rediyo ko na'urar bin sawu da aka jona ba daidai ba, wannan mai gyaran wayar mota zai sa mita tsakanin kan mainos da wayarsa bayan motar ta yi barci, yana zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har ya ga wanda in an cire shi lambar take faɗuwa.